Yadda Masu Fiɗa Suka Gano Jijiyoyin da Ke Cike Miki

Jan naman nan mai gudaji-gudaji da ke tasowa a ƙasan miki idan ya fara warkewa, tarin sababbin ƙananan jijiyoyin jini ne. Masu sana'ar fiɗa sun shafe ƙarnoni suna kallonsa ba su san haka ba. A Turai ta ƙarni na 16, likitocin soja sun ɗauka albarushi dafi ne, don haka duk wanda harsashi ya sama sai a kwarara masa tafasasshen mai a raunin.

A 1537, lokacin yaƙin da Faransa ta yi a yankin Turin na Italiya, man ya ƙare wa wani matashin wanzamin soja, Ambroise Paré. Sai ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da man ƙaron itace ya shafa wa ragowar masu rauni. Da gari ya waye, ya tarar waɗanda aka ƙona suna fama da zazzaɓi da kumburi, waɗannan kuwa har barci sun samu. Daga ranar ya daina zuba mai, daga baya ma ya koma ɗaure jijiya da zare maimakon lalas idan an yanke gaɓa.

Paré ya ga amfanin barin ƙuna, amma dalilin ya fi ƙarfin ido. William Harvey ya bayyana zagayawar jini a 1628 ba tare da ya ga siraran jijiyoyin da ke sada manya ba, sai a 1661 Marcello Malpighi ya hango su a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma. Littafin John Hunter kan jini da kumburi da raunin bindiga, wanda ya fito a 1794, shekara guda bayan mutuwarsa, ya nuna cewa jan naman cike yake da sababbin jijiyoyi.

Aikin da ya fi ban sha'awa shi ne na Eliot da Eleanor Clark a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a shekarun 1930. Ta wata 'yar taga da aka dasa a kunnen zomo, sun riƙa kallon jijiyoyi suna tohowa daga jikin tsofaffi, suna haɗewa, jini ya bi ta cikinsu.

Yanzu an san tsarin. Da an ji rauni jijiyoyi kan tsuke, jini ya daskare. Sannan su buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su tsiyayo, wurin ya kumbura. Bayan 'yan kwanaki ƙarancin iskar oksijin a mikin ya sa sababbi su toho fiye da ƙima. Yawancinsu kan mace idan fata ta rufe, shi ya sa tabo ke dusashewa. Inda tohowar ta gaza, kamar a ƙafar mai ciwon suga, mikin kan rikiɗe ya zama gyambo.