CAMES: Majalisar da ke Tantance Malaman Jami'a a Ƙasashen Afirka Rainon Faransa

An kafa Majalisar Ilimi Mai Zurfi ta Afirka da Madagaska, wadda aka fi sani da CAMES, a birnin Yamai cikin watan Janairun 1968, a taron shugabannin ƙasashen ƙungiyar OCAM ta Afirka da Madagaska, zamanin mulkin shugaban Nijar Diori Hamani. Hedkwatarta tana Wagadugu, kuma babban sakatarenta na farko shi ne masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo, ɗan ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Sai a 1972 aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar da ta tsara dokokinta. OCAM ɗin da ta haife ta ta rushe a 1985, amma majalisar tana nan da ƙasashe 19, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru.

Lokacin da aka kafa ta, jami'o'in yankin ba su taka kara sun karya ba. Ta Dakar ta samu a 1957, aka kuma lissafa ta cikin jami'o'in Faransa. Ta Madagaska ta biyo baya a 1961, ta Yawunde a 1962, ta Abijan a 1964. Yawancin malamansu Faransawa ne, digirinsu na da daraja ɗaya da na Faransa, kuma a Paris ake yanke hukuncin wanda ya isa a ƙara masa girma. Bayan yajin ɗalibai na Dakar a watan Mayun 1968, ƙasashe suka shiga gina nasu jami'o'in: Dahomey da Togo a 1970, Chadi a 1971, Nijar kuma ta buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a 1971 wadda ta zama Jami'ar Yamai a 1973. Nan matsala ta taso. Jami'ar da ke da masanin kimiyyar lissafi ɗaya ko biyu, wa zai auna aikinsu a cikin gida? Aikin da Paris ke yi shi ne CAMES ta gada, sai dai a hannun 'yan Afirka.

Shirinta na farko, na 1972, shi ne daidaita darajar takardun shaida, domin wanda ya yi karatu a Lome ya samu karɓuwa a Librebil. A 1974 aka ƙara shirin binciken magungunan gargajiya, wanda ke tara masana tsirrai da masu haɗa magani da likitoci.

Abin da ya ba majalisar ƙarfinta na gaske ya zo a 1978, da aka kafa kwamitocin tantance malamai da masu bincike. Kowace shekara, malamin da ke neman ƙarin girma yakan tattara littattafansa da maƙalunsa da shaidar koyarwarsa da ta ɗaliban da ya duba, jami'arsa ta miƙa. Ana tura fayil ɗin ga masana na wasu ƙasashe su rubuta rahoto, sannan kwamitin fanninsa ya zauna, galibi a watan Yuli, a babban birnin wata ƙasa. A 2018 Yamai ce ta karɓi zaman. Wanda ya tsallake sai a sa sunansa a jerin waɗanda suka cancanta, daga matakin maître-assistant zuwa maître de conférences zuwa cikakken farfesa. CAMES ba ta naɗa kowa: ƙasarsa ce ke naɗa shi, ita ke biyansa albashi. Wannan ne bambancin malamin Jami'ar Damagaram da takwaransa na Kano, inda jami'a da kanta ke ƙara wa malamanta girma bayan ta nemi ra'ayin masu tantancewa na waje.

Hanya ta biyu ita ce gasar agrégation, wadda aka ɗauko daga al'adar jami'o'in Faransa. An fara ta fannin likitanci a Dakar a 1982, ta shari'a da tattalin arziki a Abijan a 1983, kuma tun daga nan ake karɓa-karɓa, kowace bayan shekara biyu. A ta shari'a da tattalin arziki, ɗan takara yakan fara da kare rubuce-rubucensa a gaban alƙalai. Daga nan ya zari take ta hanyar ƙuri'a, a killace shi da littattafai na sa'a takwas, ya fito ya ba da darasi na rabin sa'a. Likitoci kuwa har da duba marar lafiya a gaban alƙalan. Wanda ya ci ya zama maître de conférences agrégé, sau da yawa yana da sauran ƙuruciya. Gasar tana auna iya tsara magana da juriya fiye da zurfin bincike, kuma wannan na cikin sukar da aka daɗe ana yi mata.

Ba duk ƙasashen ne suka miƙa wuya gaba ɗaya ba. Kamaru tana da nata kwamitin ƙarin girma, Mali ma tana da hukumarta ta ƙasa da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da ta CAMES. An kuma sha yin ƙorafin son kai da ubangida a cikin kwamitocin. A 2019 taron ministocin majalisar a Kotonu ya hukunta wasu farfesoshi saboda karya ƙa'idojin aiki.

A 2006 ministocin, a zamansu na Librebil, suka ɗora wa majalisar jagorancin sauya tsarin karatu zuwa LMD, wato digiri na farko da na biyu da na uku bisa tsarin da Turai ta ɗauka. A zamanin Bertrand Mbatchi na Gabon, wanda ya riƙe sakatariyar daga 2011 har rasuwarsa a 2021, aka ƙara shirin tabbatar da ingancin jami'o'i, aka kuma mayar da miƙa fayil ta intanet maimakon jigilar takardu zuwa Wagadugu. Souleymane Konaté na Kodebuwa ne ya gaje shi.