Allura da Zare: Tarihin Gidajen Ɗinkin Riga a Ƙasar Daura

Duk shekara idan Sallar Gani ta zagayo, jama'a kan cika ƙofar fada suna kallon dawaki da mahaya, amma kaɗan ne ke tsayawa su tambayi hannun da ya ɗinka rigunan da hakimai da dagatai suka sanyo. Mun ga ya dace a wannan fitowa ta mujallarmu mu waiwayi tarihin gidajen da suka riƙe wannan sana'a kaka da kakanni, domin mu gane abin da ya raya su da kuma abin da ke rushe su a yau.

Tun fil azal Daura tana kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da Damagaram, ta zarce Agadas har zuwa Tarabulus. Ta wannan hanya ce alharini ke shigowa daga ƙetaren Sahara. A gida kuma akwai zaren auduga da mata ke kaɗawa, ga zaren tsamiya da ake samu daga gidan tsutsar da ke saƙa a jikin itatuwa, a dafa shi da toka kafin a kaɗa. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Garin da ke bakin irin wannan hanya ba zai rasa rabonsa na ciniki da na gwaninta ba.

Sarauta ita ce babbar kasuwar maɗinka. Ba a naɗa mutum sai da riga da rawani, kuma kyautar riga ita ce alamar yardar sarki ga bafadensa ko baƙonsa. Bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi mulkin Daura, zuriyar Sarkin Gwari Abdu kuwa ta kafa sarauta a Zango da Ɓaure, ka ga ke nan an sami fadoji uku masu bukatar manyan riguna. A 1904 Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Daga nan aka yi doguwar sarautar Sarki Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, sai ta Sarki Muhammadu Bashar har 2007. A tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa daina naɗi ba, saboda haka allura ba ta taɓa hutawa ba.

Abin lura shi ne, riga ɗaya ba aikin mutum ɗaya ba ce. Masaƙi ya saƙa ƙwarya, marini ya rina ta da baba, mai haɗi ya harhaɗa ƙwaryoyin su zama riga. Daga nan sai ta je hannun mai zayyana, wanda sau da yawa malami ne da ya saba da alƙalami da tawada, ya zana aska biyu ko aska takwas, da tambari da dagi, a kan aljihu da wuya. Sannan masu ɗinki su zauna a zaure su bi zanen da allura, wata da watanni, kafin a kai wa mabuga su fito da ƙyallinta. Maigida shi ke karɓar aiki, shi ke yanke farashi, shi ke riƙe amanar yadin mutane. Yaro kan fara da zura zare a allura da ɗinkin hula, ba a ba shi gaban riga sai an ga hannunsa ya faɗa. Almajirai da yawa da wannan sana'a suka ci da kansu har suka sauke.

Sauye-sauye sun zo wa gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin raƙuma ya ja baya, yadin Turai da zaren kanti suka maye gurbin saƙi da alharini. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, farin yadi ya wadata. Keken ɗinki ya shigo, daga baya keken aiki ya biyo. Lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, malamin makaranta da akawu ma suka fara ɗinka shadda mai aiki, wadda a da sai sarakuna da attajirai. A wannan zamani ne kuma mata a cikin gidaje suka ƙara riƙe ɗinkin hula da surfani, har ya zama da shi suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan 1986 ya tsadar da shadda da zare, rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya tsinke cinikin da ake yi da 'yan'uwanmu na Nijar ta Kwangwalam da kasuwar Mai'adua. Yanzu kuma ga injin kwamfuta da ke gama gaban riga cikin sa'o'i.

Duk da haka, a abin da muka gani tsawon rayuwarmu, inji bai cika kashe gidan sana'a ba, domin mai son aikin hannu har gobe yana biyan kuɗinsa. Abubuwa uku ne suka fi rushe gidajen. Na farko, gwani ya rasu da zanensa a ka, ba a rubuta ba, ba a koya wa kowa ba. Na biyu, haɗa jari da kuɗin cefane a aljihu ɗaya, ga bashin Sallah da masu hali ke ɗauka su manta, har a wayi gari babu kuɗin zare. Na uku, rabon gado: a sayar da keke da shago a raba kuɗin, kowa ya kama gabansa, sunan da aka shekara hamsin ana ginawa ya ɓace a yini guda. A nan mu malaman makaranta muna da abin faɗa wa iyaye, domin boko da sana'a ba kishiyoyi ba ne. Yaron da ya iya lissafi shi ya fi dacewa ya riƙe littafin shagon ubansa.

Saboda haka muna ba ƙungiyarmu shawara ta naɗa ƙaramin kwamiti da zai zagaya Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'adua, ya zauna da dattawan maɗinka, ya ɗauki hoton zanensu, ya rubuta sunan kowane aiki da gidan da aka san shi da shi, tun suna raye. Muna kuma roƙon masu gidajen su ware jari daban, su rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, su karɓi kafin alƙalami kafin su taɓa yadi. Idan rabon gado ya zo, magada su nemi shawarar malamai kan yadda kowa zai san kasonsa shago kuma ya ci gaba da aiki. Matasanmu da suka iya kwamfuta su koma zaure su koyi aska takwas daga tushe, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan gado, Ya ba mu ikon miƙa shi ga na baya.