Hanyoyi Uku na Adana Makamashi: Batir, Haidurojin da Man Tsirrai

Mai karatu, ka san farantin hasken rana ba ya ba da wuta da dare. Tashar Malbaza ta jihar Tawa, wadda aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai, ta 2023, duk da rana suke aiki. Saboda haka dole a nemi rumbun da za a zuba wuta kafin dare. Ga hanyoyi uku.

1. Batir. Iri biyu ne suka fi yawa: na dalma da na litiyom. Na dalma ya fi araha, amma ba ya daɗewa, kuma zafi yana rage masa kwana. Na litiyom ya fi tsada, ya kuma fi ƙarko. In ka zuba masa wuta kashi 100, zai mayar maka da kusan 90. Batir ya dace da fitila, wayar salula da firjin asibiti.

2. Haidurojin. Wata iska ce marar nauyi. Ana sa wuta ta raba ruwa gida biyu, haidurojin da oksijin. A tara haidurojin cikin tulun ƙarfe. In an bukaci wuta, sai wata na'ura ta sake haɗa shi da oksijin, ta ba da wuta da ruwa, babu hayaƙi. Yana iya yin watanni a ajiye. Sai dai fiye da rabin wutar na salwanta a hanya, kayan aikin suna da tsada, kuma kilo 1 yana cin aƙalla lita 9 na ruwa mai tsabta.

3. Man tsirrai. Tun 1975 Barazil ta duƙufa wajen sarrafa rake ya zama man mota. A Mali an gwada man bini da zugu a injin niƙa. Man yana ajiyuwa cikin jarka, amma yana hayaƙi, kuma yana bukatar gona da ruwa. Kashin shanu ma yana ba da iskar girki in an rufe shi cikin rami na musamman.

Shawara: don wutar dare a gida, batir ya fi. Ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, kada ka bari ya ƙare ƙarƙaf. In na dalma ya mutu, kada ka fasa shi, kada yara su yi wasa da shi, domin dalma guba ce. Kuma kada ka ba da gonar hatsi don noman mai, sai dai a shinge ko a fako.