Tarihin Dam ɗin Tiga: Katangar Ƙasa Da Ta Tare Kogi

Yau za mu ɗan taɓa tarihi ne. Mu a nan ƙasar Birnin Gwari in aka ce dam, dam ɗin Bagoma ne ke faɗo mana a rai, in kuma an matsa gaba a ce Shiroro da ke kan kogin Kaduna. To yau can Kano za mu leƙa, mu ji labarin wata katanga da aka gina da ƙasa, wadda ta shekara fiye da hamsin tana riƙe da kogi guda, wato dam ɗin Tiga. Kada ki ce me ya haɗa ki da shi. Tumatirin da ake sara a Kwanar Gafan a loda a manyan motoci, da shinkafar Kura, da ruwan Tiga ake noma akasarinsu, kuma babu mamaki sun sha shiga tukunyarki.

Bari mu fara da kogin kansa. Kogin Kano daga duwatsun da ke kudancin jihar yake tasowa, wajen Riruwai, ya ratsa dajin Falgore ya nufi arewa. A gaba ya haɗu da kogin Challawa, su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗeja, ya fantsama a fadamun Nguru, ragowarsa ta bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Chadi. Kafin a tare shi, halinsa irin na yawancin kogunanmu ne: da damina ya cika ya batse ya shiga gonaki, da rani kuma ya ƙafe, sai an tona rairayi kafin a sami na sha.

A shekarar 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna. Shi kuwa mutum ne da ya ɗauki maganar ruwa da muhimmanci ƙwarai. Ya fara da dam ɗin Bagauda, sannan a 1971 aka soma aikin Tiga, a ƙasar Bebeji, aka gama a 1974. Ana cikin aikin ne babban farin nan ya sauka a ƙasashen Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa daga Nijar neman abinci. Wanda ya ga wannan fari da idonsa ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin ajiye ruwan damina don rani ba.

To yaya za a ce ƙasa ta tare kogi? Uwargida, ai kin san daɓe. Iyayenmu mata kan taru su zuba ƙasa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi har ɗaki ya yi tauri. Haka ake gina irin wannan dam, sai dai manyan motoci ne madaɓan. A shimfiɗa ƙasa a daddanne, a ƙara wata a daddanne, hawa-hawa har ta zama tudu. A tsakiyar katangar ana sa yumɓu, domin shi ba ya barin ruwa ya wuce. A fuskar da ke kallon ruwa kuma a jera duwatsu don kada igiyar ruwa ta zaizaye ta. Gindin yana da faɗi sosai, saman ya tsuke. Katangar Tiga ta kai kimanin kilomita 6 a tsawo, tsayinta kuma mita 48 a inda ta fi tsayi. Tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. In kina son ki kwatanta, kubik mita ɗaya tak jarka 40 ce ta mai lita 25.

Akwai wani sashe kuma da ya kamata ki riƙe. Duk wadda ta zauna a soron ƙasa ta san aikin indararo: in ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, ɗaki ya rufto. Shi ma dam yana da nasa indararon, wato mafitar da aka gina domin in tafki ya cika, rarar ruwa ta fice ta nan. Babban abin tsoro ga katangar ƙasa shi ne ruwa ya haura ta kanta, don da zarar ya haura zai fara cin ta, kafin a ankara ya yanka ta biyu.

Amfanin da aka samu ba kaɗan ba ne. An ja babbar hanyar ruwa daga Tiga zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aka rarraba ta cikin gonaki. Manomin da a da in ya gama girbi sai ya tafi cin rani, ya koma noman alkama da tumatir da albasa da shinkafa a tsakiyar rani. Birnin Kano ya sami ƙarin ruwan sha, masunta suka sami tafki. Tun daga 1976 da aka kafa hukumomin raya koguna, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce ta zo ta karɓi ragamar kula da shi. Mata ma ba a bar su a baya ba. A ƙasar Kura, mata da yawa suna cikin gidajensu suke turara shinkafa su shanya, yara ko maigida su kai inji. Wannan sana'a ta yi wa 'ya'ya mata da dama kayan ɗaki.

Sai dai fa, 'yan uwa, ruwan da ka tare a nan wani ka hana a can. Da farko an tashi ƙauyuka daga inda tafkin ya kwanta, gidaje da gonaki da kushewun kakanni duk suka koma ƙarƙashin ruwa. Na biyu kuma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru. Su ambaliyar nan ta shekara-shekara ita ce arzikinsu: in ruwa ya malala su shuka shinkafa su yi su, in ya janye su yi noman rani a danshinsa, makiyaya su sami ciyawa. Da aka tare Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, sai malalar ta ragu. Kogin kuma ya daina ƙafewa da rani, shi ne ciyawar kachala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Akwai kuma ciwo. Ruwan da ke kwance shi ne gidan sauro, shi ne kuma gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya shiga wanka ko kamun kifi, ƙwayar ta huda fatarsa, bayan wani lokaci ki ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Wasu kan ce wai alamar balaga ce. Wallahi ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti. In kin gani, a gaya wa maigida a kai shi.

Mu zo kan abin da ya fi tayar da hankali. A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, dam ɗin Bagauda ya ɓalle. An yi asarar rayuka, dubban mutane suka rasa matsuguni, gonaki suka tafi. Tiga kuwa ya ninka Bagauda sau da yawa, don haka a 1992 aka rage tsayin mafitarsa, domin kada ruwan da katangar ke riƙewa ya yi mata nauyi. A daminar 2001 aka yi mummunar ambaliya a jihohin Kano da Jigawa, lokacin da Tiga da Challawa suka cika rarar ruwansu ta gangara. Na baya-bayan nan kuma da ba za mu manta ba shi ne Satumbar 2024, da dam ɗin Alau da ke kan kogin Ngadda ya ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Katangar ƙasa tana son kulawa kamar yadda katangar gidanki ke son yaɓe kafin damina. Gara kan yi gida a cikinta, saiwar bishiya kan huda ta, ruwa kan sami 'yar kafa ya riƙa tsatsafowa yana jan ƙasa a hankali. Sannan in aka sare dazuzzukan da ke saman kogi, ruwan sama sai ya kwaso yashi da laka ya jibge a tafki, cikinsa ya cike, wurin ajiyar ruwa ya ragu. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Kamuku, muna kuma ganin buhunan gawayi na fita, wannan magana ta shafe mu kai tsaye.

Abu na ƙarshe, 'yar uwa. Ranar da ruwa ya zo, yawanci mace ce a gida da yara da tsofaffi. In gidanku na kusa da rafi ko a gangaren wani dam, ku yi maganar da maigida tun kafin Agusta: ina ne tudu mafi kusa, gidan wa za a nufa, wa zai ɗauki wane yaro. Takardun haihuwa da katin asibiti a ƙulle su a leda wuri guda. Rediyo ta kasance da batir. In aka yi shelar a tashi, ko maigida ba ya nan, ki ɗauki mayafinki ki tattara 'ya'yanki ki fita, domin tsare rai wajibi ne a addininmu, kuma lalura ce da malamai suka yarda da ita. Kayan ɗaki in da rai za a sake wasu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da sharrin ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara, ku huta lafiya.