Ranar 'Yan Mazan Jiya

(suna, tamata) Ranar 15 ga Janairu, wadda Nijeriya ke tunawa da sojojinta da suka kwanta dama a fagen fama, tun daga yaƙe-yaƙen duniya biyu har zuwa yau. Da can 11 ga Nuwamba ake yi, ranar tsagaita wutar yaƙin duniya na farko a 1918. Aka mai da ita Janairu domin ranar ce Biyafara ta miƙa wuya a 1970, yaƙin basasa ya ƙare. A Abuja shugaban ƙasa kan ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Kuɗin bajon da ake maƙalawa a ƙirji na tsofaffin sojoji ne da matan mamatan da marayunsu, waɗanda haƙƙinsu ke wuyan kowa. Misali: Limamai sun yi addu'a albarkacin Ranar 'Yan Mazan Jiya.