Kasuwar Murhun Zamani Tsakanin Mai Biya da Mai Girki

Daga cikin mas'alolin da suka shafi rayuwar bani'adama a wannan zamani, da wuya a sami wadda ta kai mas'alar wutar girki yawan jama'ar da take taɓawa, alhali kuwa ita ce masu mulki da ma'abota ilimi suka fi jinkirin waiwaya. Ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya ta shekarar 2023 ta nuna cewa kimanin mutum biliyan 2.3 ne a lokacin suke dafa abinci da itace, ko gawayi, ko kara, ko kashin shanu, ko kananzir, kusan biliyan ɗaya daga cikinsu kuwa a Afirka kudu da Sahara suke. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kimanta cewa hayaƙin da ake shaƙa a cikin gida ya zama sanadin ajalin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. A kan wannan larura ne aka gina wata kasuwa wadda ta game duniya, ta maƙera da masana'antu, da 'yan kasuwar gas, da ƙungiyoyin agaji, da dillalan kabon. Abin da nake nufin tabbatarwa a nan shi ne, saɓanin kasuwar gishiri ko ta atamfa, a wannan kasuwa galibi mai biyan kuɗin daban ne, mai ɗora tukunya daban, kuma mafi yawan abin da aka gani na nasara ko na asara daga wannan rabuwa ya samo asali.

Tarihi ya ba mu misalai biyu masu kama da juna a zahiri, masu bambanci a haƙiƙa. Ƙasar Sin, tsakanin 1982 da 1992, ta shigar da ingantattun murahu kimanin miliyan 129 cikin gidajen karkara, amma gwamnati ta fi zuba dukiyarta wajen bincike da horar da masu ginawa, ta bar magidanta su biya mafi yawan kuɗin da kansu, saboda haka duk maginin da ya yi aikin banza sai ya rasa ciniki. Indiya kuwa, daga farkon shekarun 1980 zuwa 2002, ta raba wajen miliyan 35, tallafin yana tafiya kai tsaye ga masu ƙerawa gwargwadon adadin da suka cika, har ya zamana idon mai ƙira yana kan jami'in da zai sa hannu a takarda, matar da za ta hura wutar kuwa ba wanda ya tambaye ta. Murahu da yawa aka yi watsi da su tun ba su tsufa ba. Duk da wannan darasi, sa'ad da Hillary Clinton ta sanar da kafa ƙawancen duniya na murahu masu tsabta a 2010, wanda ake kira Clean Cooking Alliance tun 2018, burin da aka ɗaga shi ma adadi ne: gidaje miliyan 100 kafin 2020.

Masu bincike sun bi sawu. Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone sun lura da gidaje a jihar Orisa ta Indiya har tsawon shekara huɗu, suka tarar hayaƙin da mata suke shaƙa ya ragu a shekarar farko, daga nan sai fa'idar ta gushe, domin murahun sun tsattsage, bututun hayaƙi sun toshe, gyara ya gagara, aka koma wa tsohon murhu. A Malawi ma, gwajin da aka buga a mujallar Lancet a 2017, wanda ya ƙunshi yara fiye da 10,000, bai sami raguwar ciwon nimoniya ba a gidajen da aka ba murhu mai fanka. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa mata ba su son canji, ni kuwa ina ganin wannan fassara zalunci ce a gare su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a madafi ya ga yadda ake tuƙa tuwon gida mai yawan jama'a, uwargida ta take gefen murhu, ta kama muciya da hannu biyu, tana juyawa da dukkan ƙarfin kafaɗarta, tukunya kuwa ta zauna daram a kan duwatsu uku ba ta ko motsi, ya san cewa murhun gwangwani marar nauyi, wanda aka auna ingancinsa da tafasa ruwa a ɗakin gwaji, kuma yake bukatar a faskara itace ƙanana-ƙanana ana zura masa kowane lokaci, ba zai wuce dafa ruwan shayi da miya ba. Ƙin sa da ta yi hukunci ne na mai sana'a wadda ta san aikinta.

Inda kasuwar ta tsaya da ƙafarta kuwa, a birane ne, wurin masu sayen gawayi da kuɗinsu. Murhun jiko na Kenya, mai ƙarfe a waje da gasasshen yumɓu a ciki, ya yaɗu tun farkon shekarun 1980 ta hannun ƙananan maƙera. Ɗan'uwansa gyapa ya bi wannan tafarki a Gana, haka nan murhun ƙarfe da aka sa wa suna Mai Sauƙi a Nijar. Sirrinsu ɗaya ne: mai shi yana ganin ribarsa a kuɗin gawayi ko na itace kafin wata ya ƙare. Amma ko a nan akwai wani shamaki, wanda Susanna Berkouwer da Joshua Dean suka auna a gidaje 1,000 a Nairobi. Murhun da ake sayarwa dala 40 a lokacin yana rage cin gawayi da kashi 39 cikin ɗari, wato tsimin kusan dala 120 a shekara, amma abin da mutane suka iya bayarwa nan take bai wuce dala 12 ba a matsakaici, da aka ba su damar biya kaɗan-kaɗan kuwa sai adadin ya ninka. Ashe sun san amfaninsa sarai. Dunƙulallen kuɗi ne babu.

Wannan batu ya dace da halin ƙasar Hausa ƙwarai. A bisa shari'a da al'ada, itacen girki yana cikin nafaƙar da take wuyan maigida, shi kuwa talaka cefanensa na yini ne, abin da ya samu yau da shi zai sayi ƙullin gawayi ko kashin itace na yau. Wanda yake riƙe da kuɗin ba ya zama cikin hayaƙin, wadda idanunta suke zubar da hawaye da goyo a bayanta kuwa sau da yawa ba ta da ta cewa a kan sayen tukunyar gas. Itace ana sayar da shi daidai aljihu, gas kuwa yana neman kuɗin tukunya da na kan murhu da na cikawa a lokaci guda. Hikimar Indonesiya, sa'ad da ta fara sauya kananzir da gas a 2007 har ta kai gidaje fiye da miliyan 50, ita ce ƙaramar tukunya mai kilo uku wadda talaka zai iya cikawa. Indiya, a shirin Ujjwala na 2016, ta rubuta tukunyar da sunan matar gida, abin yabo ne, sai dai gidaje da yawa sun riƙa komawa ga itace saboda tsadar sake cikawa. Mu ma mun ga yadda ƙarancin kananzir a shekarun 1990 ya sa aka jingine risho, maƙera suka fito da murhun da jama'a suka laƙaba wa suna Abacha, ba tare da tallafin kowa ba. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya, cewa murhun da yake tsimin gawayi bai cika tsabtace iska yadda likita yake so ba; wannan sai gas, ko lantarki, ko man itanol.

A 'yan shekarun nan mai biya mafi girma shi ne kasuwar kabon. Kamfani a Turai ko Amurka, wanda masana'antarsa ko jiragensa suke fitar da hayaƙi, yakan sayi takardar shaida cewa wani murhu a Afirka ya rage kwatankwacin abin da ya fitar, da wannan kuɗi kuma ake karya farashin murhun. Manufar ba ta da aibi, kuma ta kai murahu gidajen da ba za su taɓa iya saye ba. Illa dai abin da ake sayarwa itace ne wanda ba a ƙona ba, ba mai iya ganinsa, mai sayarwa da mai saye kuma duka suna da maslaha a ce yana da yawa, wanda ya sa cinikin ya kusanci abin da malaman fiƙihu suke kira garari. Binciken Annelise Gill-Wiehl da Daniel Kammen da Barbara Haya na Jami'ar Kalifoniya, a mujallar Nature Sustainability a Janairun 2024, ya kimanta cewa an zuzuta adadin har kimanin ninki tara, mafi ƙarancin zuzutawa kuwa a ayyukan da suke auna makamashin da aka yi amfani da shi da na'ura aka same shi.

A wani taro da aka yi a Faris a Mayun 2024 an yi alkawarin dala biliyan 2.2 domin girki mai tsabta a Afirka, alhali Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce ana bukatar biliyan huɗu kowace shekara. Ƙarancin abin damuwa ne, amma ni yadda za a kashe shi ya fi damuna. Idan har ba makawa wani na nesa ne zai biya, to, a ɗaure biyansa da shaidar da take fitowa daga madafi, wato yawan tukwanen gas da aka sake cikawa, da nauyin itacen da aka auna bayan shekara biyu, a kuma karkatar da kaso mai tsoka ga bashin da ake biya mako-mako ta hannun ƙungiyoyin adashin mata, da shagunan unguwa masu lasisi da suke sayar da gas kilo-kilo, da horar da maƙeran da za su gyara murhu a garin da aka sayar da shi.