Daga Fijo Zuwa Kwatano: Yadda Gyaran Giyar Mota Ya Koma Sauyi

Tsohuwar Marsandi ko Honda mai giyar otomatik takan kwana a ƙofar gida a Lakwaya, a wayi gari a ga wani jan ɗigo a ƙasa, daidai ƙarƙashin cikinta. Jan nan man giya ne, ba baƙin mai ba. Idan mai ita ya lallaɓa ta zuwa gareji a Gwarzo ko Kabo, abin da zai fi ji a bakin bakanike shi ne: "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, a sauke ta a samo ta Kwatano a Ƙofar Ruwa." Mutane da dama sun ɗauki wannan shawara a matsayin ƙa'idar sana'a, kamar haka aka gada. Ba haka aka gada ba. Al'ada ce da ba ta kai shekara arba'in ba, tattalin arziki ne ya haife ta, kuma dalilan da suka sa ta zama hikima a jiya sun fara zaizayewa.

Kanikawan da suka koyi aiki a shekarun 1970 da 1980 a kan Peugeot suka buɗe ido, wadda kowa ke kira Fijo. An fitar da samfurin 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975. Gwamnati ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, direbobi suka mayar da doguwarta motar haya, ita ce ta riƙe hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi shekara da shekaru. Kusan duk masu giyar hannu ne, kuma wannan ya tsara irin ilimin da aka tara. Mota iri ɗaya ce ke shigowa gareji safe da yamma, kayanta sababbi suna nan a kanti, don haka yaron da ya fara da wanke ƙarafa a kwanon fetur, kafin maigidansa ya yaye shi ya buɗe giyabos iri ɗaya sau ba adadi. Yakan baje haƙoran giya a kan buhu, ya shafa da yatsa ya gane wanda ya ci, ya canza shi kaɗai ya mayar da sauran. A wancan zamani, bakaniken da ya ce a jefar da giya sukutum saboda tana yoyo, abin kunya ya jawo wa kansa.

Abin ya juya ne daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP. Naira da a baya ta fi dala daraja ta koma kusan huɗu a dala ɗaya cikin watanni, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai tsofaffin motocin Turai suka cike gurbin. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, da yawa su bi ta Nijar zuwa Maraɗi, su shigo ta Jibiya, har sunan Kwatano ya zama sunan duk wani kaya na hannu mai sauran kyau. Tare da motocin aka riƙa shigo da injuna da giyoyin da aka kwance daga waɗanda suka mutu, suka taru a Ladipo ta Legas da Ƙofar Ruwa ta Kano. Daga baya motocin Amurka suka biyo, akasarinsu otomatik. Bakaniken da ya saba da mota ɗaya sai ga shi gaban iri ashirin, babu littafin ko ɗaya, babu wanda ya taɓa nuna masa cikinsu. Ga kuma giyar Kwatano da araha. Duk mai hankali a matsayinsa sauyawa zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai yaran da suka tashi a hannunsa kwancewa da ɗaurawa suka koya, ba buɗewa ba, su ne kuma iyayen gidan yau.

Abin da wannan tarihi ya ɓoye shi ne yoyo daban, mutuwar giya daban. Giyar otomatik, wadda kamfanin General Motors ya fara sayarwa da yawa a motocin Oldsmobile na 1940, da matsin mai take aiki: famfo na tura man ta wasu siraran hanyoyi masu kama da gidan tururuwa, shi ke matse faifan kulochi ya canza giya. Man kan zube ta gasket ɗin kwanon ƙasa, ko ta bututun da ke kai shi lagireto ya huce, ko ta robar da ke bakin shaf. Waɗannan duk ana gyara su giya na jikin mota. Robar gaba, wadda ke tsakanin inji da giya, ita ce sai an sauke, amma ko ita ba ta bukatar a farke ciki. Gano wurin ba ya cin komai sai haƙuri: a wanke ƙasan motar tas, a shimfiɗa kwali ta kwana a kai, da safe ɗigon zai nuna inda ya fito. Sannan a zaro sandar awon mai a goga a farin ƙyalle. Idan man ja ne garau, ba ya wari, mota kuma tana shiga giya ba gardama, lafiyarta ƙalau, roba ce kawai ta bushe. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, aka ga ɓurɓushin ƙarfe a kwano, inji na kuka mota ba ta ja, to faifan sun ƙone, a nan ne maganar sake gini ta taso. Abin takaici, da dama daga cikin giyoyin da ke kaiwa nan ƙaramin yoyo ne ya kashe su, wanda aka yi ta ƙara masa mai ana cewa gobe.

Za a ce, da gaskiya, garejinmu ba wurin buɗe irin wannan giya ba ne. Ana aiki ne a fili ƙarƙashin darbejiya, kuma a lokacin hunturu ƙura ba ta barin komai. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul ta mayar da aikin kwana uku banza. Za a ƙara da cewa robobin kasuwa jabu sun yi yawa. Na yarda da duka biyun. Amma abin da suka nuna shi ne kada a buɗe giya a ko'ina, kuma kada kowa ya buɗe. Ba su nuna a jefar da mai lafiya saboda gasket ba. Ɗaki mai ƙofa da tebur mai tsafta bai fi ƙarfin garejin da ke da janareto da injin walda ba. Masu gyaran famfon dizal ma sun daɗe da gane haka, a cikin shago suke aiki.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi da lokaci: ta Kwatano ta fi sauƙi, a je Kano a dawo a ɗaura, gobe mota na kan titi, ga mai haya kuma kowace ranar zama asara ce. Wannan lissafin ya yi daidai a shekarun 1990. Amma a ranar 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka rufe iyakokin a Agusta 2019 har zuwa ƙarshen 2020, naira kuma ta haura 1,500 a dala a 2024. Duk abin da ya ƙetaro teku yanzu da farashin dala yake zuwa. Ga tsohuwar mota kuwa matsalar ta wuce farashi. Marsandi samfurin W123 an daina ƙera ta a 1986, don haka duk giyar da za a samo mata, ko daga ina ta fito, ta kusa shekara arba'in ko ta haura, robobinta sun bushe kamar na wadda aka cire, wataƙila ma sun fi, tunda ta daɗe a ajiye ba mai. Mai saye ba ya ganin cikinta. Ɗan lokacin gwaji da ɗan kasuwa ke bayarwa ya isa a san tana tafiya, bai isa a san ko za ta kai damina ba. Wadda aka buɗe aka sa wa sababbin faifai da robobi kuwa, an san abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Haka kuma kowace shekara waɗannan giyoyi raguwa suke a rumfunan Ƙofar Ruwa, don a Turai ma motocin sun zama na masu tarawa, ba na bola ba. Tsofaffin kanikawan zamanin Fijo da suka san yadda ake auna gibin haƙori da hannu suna nan da sauran ƙarfinsu a Gwarzo da Kabo, ƙwararrun otomatik kuma suna cikin birni, tafiyar kilomita 70 ko makamancin haka. Maigidan da ya tura yaro ɗaya can ya shekara biyu, ya ware masa ɗaki idan ya dawo, zai riƙe aikin da a yau ake ɗorawa a bayan a-kori-kura a kai Kano.